Murya a Cikin Kabad

A bene na huɗu, a Porto,
inda ruwan sama ke lasar taga,
Graciete ta ɗauki muryarta sau tara,
sau tara tana fitowa
kamar cokali ya faɗa tasa.

Bangon siminti ba shi da kara:
abin da ka ba shi
sai ya maido maka da ƙari.

Ta rataya bargo a ƙofa.
Ta kashe firji, kifi ya yi ta kansa.
Amâncio na ƙasa ya ce ta sayi makirufo mai tsada;
albashin kanti ya yi dariya.

Da taragon ƙarshe ya wuce
ta buɗe kabad ɗin marigayi babanta,
ta shige tsakanin rigunan ulu
masu warin taba da gishirin teku,
ta jawo ƙofa.

Hannun riga ɗaya ya sauka a kafaɗarta.
Ta ƙyale shi, ta rera.

Da safe ta saurara:
ga murya da ɗumi
kamar burodi a cikin tsumma,
can ƙasa kuma, in ka kasa kunne,
ƙarar maratayi guda
da ta ƙi gogewa.