Minti Uku-Uku

An kafe takarda a bangon sakatariya a Bunza,
sunaye goma sha huɗu, da shuɗin biro.
Na karanta daga sama har ƙasa
kamar mai ƙirga 'yan cin tuwon gidanmu:
ga ɗan Inna Ige, ga mijin Yaya Tumba,
ga Mode da muka yi kiwon awaki tare,
wanda in ya ga allura yake runtse ido,
yau shi ne ma'aikacin lafiya.
Tara a ciki, murhu ɗaya ya raine mu.

Kulu ɗiyar Nomau masunci tana gefe,
takardunta a baƙar leda, a hammata.
Ita ta zo ta ɗaya a jarrabawa.
Sau uku ta bi sunayen da yatsa,
ta ɗaga bakin takardar ta leƙa,
ko ƙusa ce ta danne nata.

Na miƙa mata rakoda.
Ta ce, “Kai ba ɗan ƙanwar Ciyaman ba ne?”
Na ce ni ne.
Ta ce, “To kunna, mu ga gudun ruwanka.”

Da la'asar na sami Kawu Arzika.
Ya sa aka dama fura, ya turo mini ƙwarya.
“Kai ma,” in ji shi, “wa ya rubuta 'yar wasiƙar
da ta buɗe maka ƙofar gidan rediyo?”
Ludayi ya yi mini nauyi a hannu.
“Kullum mutum arba'in a zaurena.
In hana nawa, a ce na yanke zumunci,
in ba su, ku ce na ci amana.
Wanda ya sauka, danginsa ya zuba.
Ina rakodarku take a lokacin?”
Ba ni da amsa.
Wannan ma na naɗe.

A ƙofa direbansa ya biyo ni da ambulan,
wai na mai.
Na ce babur ɗina cike yake.
Ƙarya na yi. Kafin gari sai da na tura shi.

Bayan isha'i waya ta yi ƙara. Inna.
Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
“Shi ya sai maka takalmin makaranta.
Ran da ubanka ya rasu, shi ya riƙe gaban makara.
Zumunta a ƙafa take, ɗana,
kai ka kai ta bakin lasifika.”

Na kwana a Birnin Kebbi ina auna murya
kamar mai awon gero ranar kasuwa:
minti uku nata, minti uku nasa,
ba gyara, ba tozo.
Ban yanke tarin da ya yi kafin ya amsa ba,
ban ƙara wa shirunta tsawo ba,
ko da yake hannuna ya so.
A ƙarshe na faɗi sunana, da ɗan wa nake,
da yadda ni ma na sami kujerata,
don mai sauraro ya san rijiyar da na sha.

Ran suna a gidan Yaya Tumba
ba wanda ya matsa mini a tabarma.
Mode ya miƙa goro, ya tsallake ni.
A bakin gulbi Nomau ya tare ni da filafili a kafaɗa:
“Ka bar shi ya wanke kansa a bainar jama'a!
Ashe jini bai ƙarya.”
Can na zama bare, nan na zama ɗan gida.

Takardar tana nan.
Ruwan jiya ya jiƙa shuɗin biron,
sunayen sun narke cikin juna,
da ma can ɗaya ne.

Kulu na tarar tana gyaran kifi.
Ba ta ɗago ba, wuƙa na ta kai-komo.
Ta ce, “Na ji ni a rediyo.
Ashe haka muryata take.”