Takardar Jikin Firij

Daren Lahadi a Winnipeg.
Tasalla ta tafi aikin dare a asibiti,
ta bar mini biro, da bayan takardar kuɗin wuta,
da baki tara.

Na ja su kamar carbi:
ni, ita, Inna da ciwon sukarinta,
Nafi'u da cikinsa ya zama rijiya gaba dubu,
Rahinatu da ta rantse ta bar nama tun bara,
'yan biyu, Gambo a bayansu,
sai Bashari ɗan ƙanina
da ya zo kwana uku, yau shekararsa biyu.

Litinin ba ta da gardama: shinkafa da wake.
Buhun da na ɗauko a shagon Harjit
ya fara rusunawa a bayan ƙofa,
shi ma ya san wata bai yi rabi ba.

Makaranta ta aiko da takarda:
kada gyaɗa ta shiga jakar yaro.
Ni da aka yaye da kunun gyaɗa,
na karanta sau biyu, na sa hannu.
To burodi da ƙwai, sau biyar, kowace safiya,
da tufa ɗaiɗaya da za su dawo mini da cizo guda.

Kuka saura cokali goma sha ɗaya.
A akwatin wani ta haye teku, naɗe cikin zane,
kuma Inna ce ma'ajinta.
Idan na rubuta tuwo ran Laraba
sai na nemi izini kamar mai cin bashi.
'Yan biyu kuwa sun kawo ƙara:
rigunan sanyinsu na ƙamshin daddawa,
ana toshe musu hanci a motar makaranta.
Yanzu ran miya mukan kulle riguna a ɗaki,
mu buɗe taga,
sanyi ya shigo ya karɓi rabonsa.

Ban raina sanyin ba.
Daga Nuwamba zuwa Maris baranda ce rumbunmu:
rabin akuya daga wurin Warsame mahauci,
kaji shida, sun sandare kamar duwatsun murhu,
ba wanda ya caje ni ko sisi.

Alhamis ce ta tsaya mini a wuya.
Na rubuta taliya, na goge, Talata ta riga ta cinye ta.
Na rubuta dankali, na tuna Inna.
Biro na yawo a kan takarda
kamar akuyar da ta ɓata gida.

Sai ƙwanƙwasa.
Madam Dalisay ce ta benen ƙasa,
cikin silifas da hular ulu,
ta dawo da tukunyar da ta ara,
a ciki wata leda kore, daskararriya.
Ta ce, malunggay, daga garinsu,
wai yana ƙara wa tsofaffi jini.

Inna ta taso, ita da ba ta tashi don kowa.
Ta murza, ta kai hanci, ta yi shiru.
Sannan ta ce, zogale.
Ta sake cewa, zogale,
kamar ta gamu da 'yar ɗakinsu a tasha.
Ba kalma ɗaya a tsakaninsu,
amma sun tsaya bakin ƙofa suna gyaɗa kai
har ledar ta fara ɗiga a kan dardumata.

Na cike Alhamis da manyan baƙaƙe.
Juma'a na sa sauran jiya, na manna, na kwanta.

Ƙarfe bakwai, duhu bai ko motsa ba,
na ji Tasalla tana kankare ƙanzo a tsaye,
takalmin aiki a ƙafa.
Ta bi takardar da ido, tana tauna,
ta zare biro daga aljihu,
ta ja layi a kan Juma'ata:

baƙi na zuwa daga Brandon.
Baki goma sha huɗu.
Ka shigo da akuya ta narke.