Matakala Ɗari da Sittin da Biyu

Daga kasuwar kifi zuwa ƙofar gidanmu
matakala ɗari da sittin da biyu ne.
Gwiwoyina sun san adadinsu,
wuyana ma ya sani,
don shekara uku, Eloisa, a nan kike zama,
hannayenki cikin sumata kamar mai riƙe linzami,
diddigenki na bugun ƙirjina,
kina kora ni gida.

A Balparaiso kowa da hawa ya tashi.
Gidaje sun ɗare tudu kamar awaki,
wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa,
gishirin teku ya cinye kwanon rufinsu.
Yau na durƙusa a matakalar farko kamar kullum,
na ba ki baya,
sai kika ce, "A'a. Da ƙafata."

To.
Na miƙe, na karkaɗe gwiwar wando
kamar dama igiyar takalmi na duƙa in ɗaure.

Ƙarfen gefe kika kama, kika bar hannuna a sake.
Kina ƙirga da ƙarfi: ɗaya, biyu, uku, biyar.
Ban gyara miki ba.
Huɗun nan da kika tsallake
na tsince ta, na sa a aljihu,
don wata rana ita ma za ki daina yar da ita.

Tsohuwa Herminia na shanya ta taga,
ta leƙo, ta ce, "Ramiro, yau an sallami jaki ke nan?"
Na yi dariya yadda ake yi wa maƙwabta.

Da can teku "bubu" ne a bakinki,
jirgin ruwa bubu, ruwan wanka bubu,
har hawayenki bubu ne.
Makon jiya kika kira teku da sunansa,
tsaf, ba tuntuɓe.
Uwarki ta tafa.
Ni kuwa na fita baranda
wai zan duba ko hadari ya haɗu.

A ta tamanin, karen nan mai kunne guda yana kwance,
wanda bara kike ɓoye fuska a wuyana in ya yi hamma.
Kika tsaya, kika gaishe shi,
kika zagaye wutsiyarsa da ladabi
kamar mai wuce dattijo a majalisa.

A ta ɗari da goma sha wani abu kika zauna,
kina haki, kumatu sun yi ja.
Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.
Na ce yanzu za ta ɗaga hannu biyu sama
kamar yadda ta saba.
Na ji kunyar wannan fata, amma ban janye shi ba.
Ke kuwa tashar jiragen ruwa kika zuba wa ido,
can ƙasa inda nake sauke kaya tun kafin a haife ki.
Kika ce, "Baba, jirgin can in ya tafi,
ya san hanyar dawowa?"
Na ce ya sani.
Kika ce, "Wa ya koya masa?"
Kafin in samo amsa kin miƙe.

Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe.
Kifin da na sayo ya fara tsami a takarda
kafin mu kai ƙofa.
Ke kika ƙwanƙwasa, da tafin hannu,
kika faɗa wa uwarki labarin tun ba ta tambaya ba.

Da dare barci ya kayar da ke a ƙasan tebur,
takalmi ɗaya a ƙafa, ɓawon burodi a hannu.
Na ɗauke ki.
Kin yi nauyi, ƙafafunki na lilo har cinyata,
gashinki na warin rana da gishiri.
Daga tebur zuwa gadonki taku takwas ne.
Na bi ta kicin,
na zagaya ta baranda,
na tsaya kallon fitilun jirage
har sai da hannuna ya mutu.