Kwalba Ta Goma Sha Ɗaya

A Fleetwood, bayan tsohon gidan mai
da aka rufe tun ban iya ɗaura takalmi ba,
ƙarfe bakwai da rabi, yayyafi na sauka a karkace,
Alwyn ya tayar da injin haƙa.
Tsuntsayen teku suka watse suna zaginmu.

Mita ɗaya: ɓaraguzan bulo, kwalta, murfin lemo.
Mita biyu: yashi ruwan toka, jiƙe sharkaf.
A ta uku ƙasa ta koma baƙa wuluk,
ta buɗe baki ta yi mana gyatsar dizal
wanda ta haɗiye shekara talatin.

Ubana Nalado mahaƙin rijiya ne a Maigatari.
In ya nutsa gaba takwas, sai ya lakato ƙasa da yatsa,
ya ɗora a harshe, ya lumshe ido,
ya ɗaga murya daga can ƙasa: saura kaɗan, kuma mai daɗi ne.
Bai taɓa cike takarda ba.
Ni an hana ni lasa, an hana ni ko sansanawa.
Safar hannu shuɗiya, ɗaya kan ɗaya,
da wata na'ura mai dogon hanci
da nake cusawa cikin leda ta shaƙa a madadina,
ta faɗi lamba: ɗari huɗu da sha biyu.

Ruwan da ya kwana a bututu maƙaryaci ne,
sai an janye shi sau uku an zuba a ganga
kafin na gaskiya ya taso.
Na zura ma'auni a rami na huɗu, ya yi ƙara.
Kaurin yatsa biyu na mai kwance a bisa ruwa,
bakan gizo ya bi mu har ƙarƙashin ƙasa.

Daga bayan shinge wata tsohuwa ta leƙo,
Misis Threlfall, da hular leda a ka,
ta miƙo shayi kofi biyu ta saman waya.
Ta ce mijinta ya sayar da fetur a nan shekara sha tara,
kowane dare yana auna tanki da sanda,
lissafi bai taɓa cika ba, har ya rasu yana zargin yaron shago.
Sannan ta nuna kunyar dankalinta, taku goma daga ramina:
ɗana, in ci ko kada in ci?

Da Baba ne, da ya amsa nan take.
Na ce sai ɗakin gwaji ya yi magana, kwana goma.
Ta dube ni, ta dubi safar hannuna,
ta karɓi kofunanta.

Kwalaben ƙanana ne, ba su kai babban yatsa ba.
A cika su har ruwa ya yi tozo,
a murɗa murfi, a kifa, a ƙwanƙwasa da farce.
Ƙwayar iska ɗaya tak ta isa ƙofar da mai zai gudu.
Akwai kuma kwalbar da ba a buɗe ta,
ruwa mai tsabta, ta zo tare da mu, za ta koma tare da mu,
shaida ce, in mu muka ɓata, ita za ta tona.

Goma sun kwanta cikin ƙanƙara, kowace da sunanta,
da sa'a, da zurfi, da sa hannuna.
Ta sha ɗaya daga ramin da ke jikin shinge take.
Na kifa ta.
Ga ƙwayar iska, ƙanƙanuwa kamar gero, tana hawa a hankali.

Alwyn ya riga ya kunna mota, duhu na shigowa,
ya ce ba wanda zai gani.
Fitilar kicin ɗin tsohuwa ta kama.
Na zubar a ganga,
na sake safar hannu,
na durƙusa a bakin ramin.