Ƙaho Bakwai

Su biyar ne, babu mai ƙaho a cikinsu,
amma sunan da suka raɗa wa kansu ke nan.
Na tambayi Dogara dalili, ya ce wani birni ne
da aka rushe ganuwarsa da busa kawai.
Na ce to, ku dai bar mini katangar shagona.

Ni mai gyaran rediyo ne a Aboabo.
Ranar da suka fara zuwa, amfilifayarsu na cikin buhun shinkafa
tana warin ƙonanniyar roba.
Ofosu ya kwantar da ita a tebur kamar ya kawo mara lafiya,
ya ce ran Asabar suna da jana'iza a Tafo,
kuɗi kuwa sai an rufe gawa.

A bayan shagona suke gwaji, ƙarƙashin rumfar kwano.
Jitar Ofosu tana ɗingishi da gangan,
ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya tana jiran wani abu,
gangar Atinga ta biyo baya ba gaggawa,
mai kauri, har kusoshi na rawa a cikin gwangwanina.
In ladan ya ɗaga murya sai Atinga ya dafe fata da tafin hannu.
Ban taɓa roƙonsa ba.
Shekara tara, ko sau ɗaya bai makara ba.

Dattawan cocinsu suka ce gashin nan ba na masu ibada ba ne,
a aske ko a tsaya a waje.
Masu irin gashin kuma suka yi dariya:
wane irin rege ne ba hayaƙi, sai Zabura?
Jemage, in ji Esinam, tana ɗaure kallabi,
tsuntsaye sun ƙi mu, ɓeraye sun ƙi mu,
sai mu yi waƙarmu a rataye.

Aka yi kaset. Na ji shi a Kejetia
yana fita daga motar haya mai zuwa Bantama,
yaron mota na bin amshi bai san Yesu ake kira ba,
ko ya sani, bai dame shi ba.
Shekarar nan sun ci nama.
Sun je Ankara sau biyu, aka ɗauke wuta a tsakiyar waƙa,
Esinam ta ci gaba da maƙogwaro tsirara
mutum dubu suka riƙe mata kiɗa da tafi.
Dogara ya ba ni labarin ya fi sau ashirin,
kullum mutanen na ƙaruwa.

Daga nan kaset ya mutu, faifai ya bi shi,
waƙa ta koma cikin waya, kyauta kamar iska.
Ofosu ya haye teku, an ce tumatir yake tsinka.
Ɗan ƙaraminsu, Zakka, ya zama fasto, ya yi aski tas.
Esinam na karɓar haihuwa a wani asibiti a Suntreso.
Atinga ne ciwon ciki ya kayar cikin kwana huɗu.
A jana'izarsa na'ura ce ta yi kiɗa.
Na tsaya nesa da hulata, na ji haushin na'urar nan
don da aka kira la'asar ba ta san ta yi shiru ba.

Amfilifayar tana nan kan kanta, bayan matattun talabijin.
Dogara kan biyo in ya taso daga gareji a Suame,
hannu duk baƙin mai, furfura a tushen kitso.
Ba ya tambayarta. Ni ma ba na tada zancen bashi,
sidi arba'in, tun kuɗin na da daraja.

Jiya ruwa ya tsare shi a shagon.
Na jona ta don in ga ko ɓera ya ci waya.
Ta yi gurnani, ƙasa-ƙasa, ba kiɗa, ba murya.
Sai na ga ƙafarsa ta hagu ta ɗaga,
tana jira.