Fari a Ƙasar Kogi Biyar

Ƙasarmu Panjab, kogi biyar ke shayar da ita,
kakana bai taɓa roƙon ruwa ba.
Amma fari ya shigo mana ta ƙofar gida
ƙunshe a 'yar leda, bai kai ƙwayar masara ba.
Citta suke ce masa, wato fari.
Ko wa ya raɗa sunan, ya san abin da ya faɗa.

Ɗana Gurtej ɗan kokawa ne.
Ranar da ya ka da ƙaton Moga a filin kasuwa
a kafaɗa aka kawo mini shi,
jikinsa duk mai da jar ƙasa.
Uwarsa ta zuba masa madarar ɓauna kofi uku,
yana dariya, yana cewa a ƙara.

Da damina ta zagayo gwiwarsa ta goce.
Wani abokin arziki ya ce ga abin kashe zafi.
Zafin kuwa ya mutu.
Sauran abubuwa a hankali suka bi bayansa.

Da farko hayaƙin yake zuƙa a takarda mai ƙyalli
can bayan ɗakin injin ban-ruwa.
Daga baya sai riga mai dogon hannu
a watan da kare ma ke neman inuwa.
Ƙwayar idonsa ta koma tsinin allura,
yana gyangyaɗi da loma a hannu,
yana susa kamar mai kwana a kan ƙaiƙayi.

Batirin tarakta ya yi ƙafa.
Tukunyar tagulla ta auren uwarsa ta bi sahu,
sai 'yan kunnen ƙanwarsa Kirandip.
Yaron maƙwabci na mara a kan 'yan kunnen,
ina sane sarai ba shi ba ne.
Har yau ban je na ba shi haƙuri ba.

Na ɗaure ɗana da sarƙar ɓauna a ƙafar gado.
Kwana huɗu: hamma, majina, amai, gudawa,
yana makyarkyata a tsakiyar zafi,
yana cewa ƙashinsa ake daka a turmi.
Ya kira ni baba, ya kira ni abin da ba zan maimaita ba.
A dare na biyar uwarsa ta zare mukullin daga rawanina.
Idona biyu. Ban motsa ba.

Jagsir, wanda ya fara miƙa masa,
a bakin magudanar ruwa aka tsince shi,
leɓe shuɗi, allura na lilo a dantse.
Ubansa ya ce zuciya ce ta tsaya.
Duk muka gyaɗa kai, muka kai itacen ƙona shi.
Zuciya bakwai ke nan ta tsaya a ƙauyenmu bana,
babu wadda ta cika shekara talatin.

Eka biyu na sayar, gefen da ya fi albarka.
Yanzu kullum da sassafe muna layin asibiti,
a sa masa ƙwaya ƙarƙashin harshe, a rubuta a kati.
Na ga mutanen da na sani a layin nan,
kowa na duban takalminsa.

Kwana casa'in da huɗu yau.
Jiya ya taya ni ɗaure buhunan shinkafa,
ya ci gurasa biyar, uwarsa ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Ɗazu ya ce in ba shi rufi ɗari biyu, zai sha wa babur mai.
Na ba shi. Me zan ce?
Yana fita na hau rufin ɗaki.
Hanyarmu ta rabu biyu wajen tsohuwar bishiya:
hagu gidan mai, dama bakin magudana.
Maƙwabta na ƙona karan shinkafa,
hayaƙi ya rufe mararrabar ruf.
Ƙarar babur kawai nake ji tana nisa,
ina juya kunnena mai lafiya.