Awon Sawu

Da azumi ya kai ashirin
sai in fara bin sawun yara
kamar wadda akuyarta ta ɓace.
A bakin famfon Bilbis, inda ruwa ke jiƙa rairayi,
nan ƙafa ke barin gaskiyarta.
Su ɗauki bokiti su wuce,
ni in duƙa kamar mai gyaran zane,
in ɗora tsinken tsintsiya daga diddige zuwa babban yatsa,
in karya.

Wannan na Tsahiru ne, ɗan mai ga-ruwa.
Ɗan guntun nan na Habsu.
Mai jan zaren na Nomau,
wanda ƙafarsa ta riga shekarunsa girma.
Tsinke goma sha ɗaya a ƙulle bakin gyalena.

Mu bakwai ne a adashin, ba mai rufin kwano a cikinmu:
Gwamma mai cuku, Salamu mai kitso,
ni da tiren albasata, da sauran.
Tun Sha'aban muka yanke
kwasar watan nan ba ta kowa ba ce.
Jikka goma sha tara da 'yan daloli.

Ran Lahadi a kasuwar Tawa
mai takalma ya ce, "Lamba nawa?"
Na zube masa tsinkaye bisa tabarma.
Ya dube ni, ya dube su. Bai yi dariya ba.
Ya yi ta zura su ciki, ɗaya bayan ɗaya,
kamar mai gwada mabuɗi a ƙofar da ba tasa ba.
Na ce, "Ƙara yatsa guda, yaro ba ya jiran sallar baɗi."
Ya rage dala arba'in ban taya ba.

Ba mu kira yaro ko ɗaya ba.
Ba layi, ba hoto, ba "buɗe baki ka yi godiya".
Bayan asham nake bi ta bayan danga
in miƙa wa uwa, ko uba in yana gari,
don da yawansu suna Abijan wurin biɗa,
murya na isowa, aike bai iso ba.
Uban Tsahiru ya riƙe ledar hannu biyu,
ya daɗe yana kallon ƙasa.
"Wa zan ce?"
Na ce, "Ka ce kai."

Safiyar salla ga Habsu a guje, jan roba na ƙyalli:
"Inna Tasalla, duba! Babana ya aiko!"
Na ce, "Kai, uban nan ya san ƙafarki."

Nomau kuwa ya wuce idi ƙafa a ƙasa,
takalman rataye a wuya kamar laya.
Ya ce wai tanadinsu yake, kar su ƙazantu.
Ni na sani.
Tsinkensa ne ya ƙara karyewa a gyalena
ban lura ba.

Ina shekara bakwai, nima an aiko mini daga Abijan,
kore ne, mai maɓalli a gefe.
Na kwana da su cikin bargo.
Ban taɓa tambayar yadda mutumin da ya tafi ina goye
ya san tsawon ƙafata ba,
sai ranar da muka yi wa Iya Barmo wanka,
maƙwabciyarmu mai sayar da daddawa,
aka zazzage adudunta
sai ga damin tsinkaye, kowane da launin zarensa.
Mata suka ce tsufa ne, aka share.
Na tsinci ɗaya, na gwada shi a tafin hannuna.
Bai kai ƙarshen yatsa ba.

Gobe zan koma wurin mai takalma, ko zai yarda da musaya.
Baɗi, in da rai,
da igiya zan auna Nomau.